Gyara a Kan Maganin Zuciya

An yi wani mutum a wani ƙauye tsakanin Madawa da Buza. Ba zan faɗi sunansa ba, danginsa suna nan da rai. Da can gero yake aunawa da tiya a kasuwa. Da ya ga magani ya fi gero tafiya, sai ya ɗaure kwali a bayan moto, wato babur, ya riƙa cin kasuwanni har Keita yana sayar da ƙwayoyi. Bai taɓa zama gaban mai ilimin magani ba, amma in aka kira shi likita, amsawa yake yi.

Halin awon gero bai bar hannunsa ba. Wanda ya sayi ƙwaya biyu, sai ya ɗora masa ta uku, ya ce, "Ga gyara, haɗa ka shanye." Mutane suka yi ta yabonsa, wai hannunsa a sake yake. Yabon ya hau masa kai.

Ana nan, mahaifiyarsa ta kamu da ciwon zuciya, ƙafafu suka kumbura. Ƙanwarsa Fiddausiya ta kai ta asibiti. Likita ya ba su wasu 'yan ƙananan ƙwayoyi, ya ja wa Fiddausiya kunne: guda ɗaya a yini, kada a ƙara, don abin da ke ciki rubu'in miligiram ne.

Ya 'yan uwa, kun san miligiram? Ku ɗauki ƙwayar gero ɗaya, ku raba ta kamar gida takwas. Kashi ɗaya shi ne kusan miligiram. To, rubu'in wannan ake magana. Ido ba ya auna shi, tiya ba ta auna shi. Amma shi ke riƙe da bugun zuciyar tsohuwar nan.

Mutumin ya dawo daga kasuwa, ya sa ƙwayar a tafin hannu, ya yi dariya.

"Wanga ɗan abu mi za shi yi ma Inna? Rowa sunka yi mata."

Fiddausiya ta ce, "Yaya, likita ya ce guda."

"Ni da nike saida magani za ki hwaɗa ma?"

Ta ƙyale shi, don ƙanwa ce. Ya karɓi maganin, ya riƙa ba uwarsa da hannunsa, safe da yamma, kowane sha da gyararsa.

Ya ƙi uwarsa ne? A'a, yana son ta. Ya yi nufin cutar da ita? Ko kaɗan. Abu ɗaya ne ya gagare shi: ya buɗe baki ya ce, "Ban sani ba."

Tsohuwa ta fara amai, ta ce komai rawaya take gani. Ya ce ciwon shawara ne maganin ke korowa, ya ƙara mata. Ranar da aka ɗora ta a amalanke za a koma asibiti, ta kama hannunsa ta ce, "Allah shi yi ma albarka, kai kam ba ka yi min rowa ba." Ba ta kai bakin kwalta ba, rai ya yi halinsa.

Fiddausiya ba ta kai ƙara gun jandarma ba, amma magana ta fita. Matan da suka binne 'ya'ya bayan sun sha gyararsa suka fara tunawa. Shi da kansa ya ƙone kwalin. Ya koma awon gero, abin ya gagara: da ya kai hannu zai yi gyara, sai ya saki tiya, gero ya zube. Yanzu a gindin katanga yake yini. Wanda ya gaishe shi, ba ya amsa gaisuwa, sai dai ya ce, "Ta sa min albarka." Sai ya yi kuka.

Ya 'yan uwa, gyara a kan gero alheri ne. Magani kuwa yana da ma'auninsa, kuma ma'aunin yana hannun waɗanda suka koye shi. Wanda ya auna ran mutum ba da sani ba ya ci amana, ko da da so ya yi. Akwai ranar awo, inda ko abin da bai kai rubu'in miligiram ba sai an ɗora shi a kan ma'auni.

Allah ya kiyaye mu da girman kan da ke hana mutum cewa bai sani ba, ya kuma kiyaye iyayenmu daga jahilcin hannayenmu. Amin.