Manomin da Ya Ƙi Kabarin Siminti

Akwai wani manomi da yake da 'yar gona a bayan gidansa. A nan ake binne mutanen gidan tun zamanin kakansa. A da, in mutum ya mutu, sai a naɗe shi da zane a sa shi a ƙasa, bayan damina biyu a ci gaba da noma kusa da shi. Amma da 'ya'yan gidan suka yi karatu suka koma birni, sai aka canja. Duk wanda ya mutu, a gina masa rami da bulo, a rufe da siminti, a shimfiɗa tayil a kai. Kabari shida aka yi haka, kowanne ya cinye kunya huɗu. Abin da ya rage wa tsohon bai wuce wurin kuɓewa da ɗan gero ba.

Da matarsa ta rasu, 'ya'yan suka kai ta ɗakin ajiye gawa a birni. Wata biyu tana can cikin sanyi, ana jiran a ɗinka anko, dangi su hallara. Wata biyun nan yana zaune shi kaɗai a ƙofar ɗakinta. Ba ta gida, ba ta ƙasa. Ranar da aka kawo ta, maganin adana gawa ya busar da fuskarta, har ya tambaya ko ita ce. Aka yi taro na yini ɗaya, motoci suka tafi, aka bar masa leda da robobin ruwa yana tsincewa.

Bayan haka yakan je gun kabarinta da rana ya zauna, amma tayil yana ƙona hannu, ba inuwa, ko ƙadangare ba ya daɗewa a kai. In an yi ruwan sama, sai ruwan ya gangaro daga simintin ya kwashe ƙasar da ta rage.

Shekara ta kewayo, babban ɗansa ya zo da magini, suna auna wurin kuɓewar da igiya.

"Me ake aunawa, Habila?" in ji tsohon.

"Naka ne, Baba. Gara a gina shi tun yanzu, kusa da na Mama."

"To, in ka gina, ni in ci me kafin in shiga? Ku sa ni a zane, ku rufe ni da ƙasa, ku dasa itace a kaina."

"Haba Baba. Mutane za su ce mun jefar da ubanmu kamar wanda ba shi da kowa."

"Waɗanne mutane? Waɗanda suka zo binne uwarka, nuna mini ɗaya da ya sake tako ƙofar nan. Har da kai."

Ɗan ya naɗe igiyarsa, ya tafi bai yi sallama ba.

Tsohon ya sayi farin yadi, ya haɗa da dashen ɗorawa da ya raina a fasasshiyar tukunya, ya kai wa dattijon ikilisiya, ya gaya masa nufinsa a gaban shaidu biyu. Da bazara ya mutu. Aka kira ɗan a waya, ya ce a jira, yana zuwa da mota. Dattijon ya ce masa, "Mahaifinka ya riga ya faɗi nasa." Kafin la'asar an binne shi, an dasa ɗorawar, an kewaye ta da ƙaya saboda awaki.

Washegari ɗan ya iso da fushi. Ya tarar da tudun jar ƙasa da ɗan tsiro mai ganye kaɗan, ya fara langaɓewa don zafi. Ya duba, ba wanda zai yi wa faɗa. Dattijon ya miƙa masa guga, ya ce, "Saura wata guda ruwa ya sauka. In ba a ba ɗorawar nan ruwa safe da yamma ba, mutuwa za ta yi."

Ɗan ya karɓi gugan, ya ce kwana biyu zai yi. Yana nan har aka yi ruwan shuka.

Ga ma'anar misalin nan, ku buɗe kunne. Gonar ita ce ƙasar da Allah ya ba mu amana. Daga ita ya yi mu, ita ta ciyar da mu dukan kwanakinmu, in mun mutu kuma sai mu hana ta ko da jikin da ta gina. Muna cusa mata bulo, da ƙarfe, da magani, mu toshe ta yadda jikokinmu ba za su sami wurin sa fartanya ba. Ubangijinmu kansa da lilin aka naɗe shi, a ranar da ya mutu aka sa shi a kabari. Wane ne cikinku ya fi shi daraja? Wanda zai tashe mu a ranar ƙarshe bai bukaci tayil mai suna kafin ya gane inda muke ba.

Simintin kuwa, bari in faɗa muku abin da ba ku so ku ji. Na wanke gawar mata da yawa a ikilisiyar nan, na kuma san gidajen bayan an watse. Muna son siminti ne domin ba ya bukatar kowa. In an zuba shi, an gama, kowa ya kama hanyarsa da zuciya fara, ya ce ya girmama iyayensa. Itace kuwa sai an dawo masa. Tsohon nan ya san ɗansa sarai.

Ku iyaye, ku faɗi abin da kuke so tun kuna da baki, a gaban shaidu. Ku 'ya'ya kuma, wanda yake da tsoho a ƙauye yana cin tuwo shi kaɗai, kada ya jira a miƙa masa guga. Ya tashi ya je yanzu, tun akwai wanda zai amsa sallamarsa.