Rowar Maigandi Kafinta

Maigandi kafinta ne a unguwar Nasarawa ta Birnin Kebbi, kuma ko mai ƙinsa ba zai ce bai iya aiki ba. Ƙofar da ya haɗa sai ta shekara ashirin ba ta yi ƙara ba. Amma yana da wani hali mai ban haushi, wato rowar ilimi. Gani yake duk wanda ya koya wa sana'a, gobe zai buɗe shago a gabansa ya kwashe masa masu kawo aiki.

Abin takaicin, bai taɓa ƙin karɓar masu koyo ba. Iyaye daga Argungu da Gulma sukan kawo masa 'ya'yansu, ya karɓa da fara'a har da alkawari. Samari shida ne a shagonsa. Babbansu Abdussamadu, ɗan wani manomin shinkafa daga Gulma, ya shekara biyu a wurin, amma abin da ya iya bai wuce sharar garin katako da goge kujera da sanfefa ba. In Maigandi zai yi awo, sai ya juya musu baya. In zai tayar da injin yanka katako, sai ya kora su bakin titi, wai kada ƙura ta shiga idonsu. Makunnin injin ma a bayan wani tsohon kabad ya sa aka kafa shi.

Wata rana Abdussamadu ya yi ƙarfin hali ya ce, "Maigida, yaushe za a gwada muna wanga inji?"

"Ka gama iya shara?" in ji Maigandi. "Ka ga can ƙarƙashin benci."

Maƙwabcinsa Kayode, mai gyaran janareta, ya ji wannan amsa, ransa ya ɓaci. Ya leƙo ya ce, "Maigandi, in ba za ka koya musu yanka ba, ko kashe injin ka nuna musu. Ƙarfen nan bai san kai ne mai shi ba."

"Shekara talatin ina wanga aiki, ko ƙwarzane ban taɓa yi ba," in ji Maigandi. "Ka ji da janaretocinka."

Ranar wata Juma'a ya dawo daga masallaci sanye da babbar riga, ya tarar da wani mutumin Argungu da ya ba shi aikin ƙofa yana jira, har ya tsayar da mai keke-napep. Saura katako ɗaya a rage wa faɗi. Maigandi ya ce aikin minti biyu ne, bai kai a tuɓe riga ba. Ya kora samarin waje kamar kullum, ya tayar da janareta, ya kunna inji.

Yana tura katakon sai hannun rigar ya zamo daga kafaɗarsa, bel ɗin injin ya cafke shi ya fara naɗewa.

Maigandi ya kwarma ihu, "Ku kashe! Ku kashe injin!"

Samarin suka shigo a guje, suka tsaya cirko-cirko. Ɗaya ya danna makunnin da ya gani a bango, fanka ta tsaya. Wani ya danna na kusa da shi, fitila ta kama. Biyu suka riƙe ƙugun Maigandi suna ja, inji na ja. Abdussamadu ne ya ruga ya kira Kayode, shi kuma ya zagaya bayan shago ya kashe janareta. Kafin nan hannun Maigandi na dama ya karye gida biyu, yatsu biyu sun tafi. A keken da aka tsayar don ɗaukar ƙofa aka kai shi asibiti.

Da Kayode ya je duba shi bayan kwana uku, ya zaci zai tarar da mutum mai nadama. Sai ya ji Maigandi yana gaya wa masu dubiya, "Ƙatti shida, ba mai wayo ko guda. Suna tsaye suna kallo inji ya cinye min hannu."

Kayode ya ajiye ledar lemun da ya kawo, ya ce, "Wa ya koya musu?"

Maigandi ya juya fuskarsa bango.

Wata huɗu ya yi yana jinya, shago a rufe, domin a cikin shidan nan babu wanda zai iya haɗa ko kujerar zaman tsakar gida. Iyayensu suka zo suka kwashe su. Abdussamadu ya koma wurin wani kafinta a Argungu, inda aka ce ya share wata ɗaya bai taɓa katako ba sai da aka koya masa yadda ake tsayawa a gaban inji da irin rigar da ake sawa. Maigandi kuwa ya dawo da hannun da ba ya riƙe guduma. Har yau yana zaune a ƙofar shagonsa, duk wanda ya tsaya gaishe shi sai ya ba shi labarin sakarcin yaran zamani.

Darasin da ke cikin wannan labari a fili yake. Duk wanda aka damƙa wa 'ya'yan mutane don ya koya musu sana'a, amana ya karɓa, kuma farkon abin da zai koyar shi ne yadda za su tsare lafiyarsu da ta na kusa da su. Ilimin da ka hana na ƙasa da kai, wata rana a hannunsa za ka neme shi, lokacin da babu sauran damar koyarwa.