Hannun Ba'ana a Shingen Wulari

'Ya'yana, shekarar da abin ya faru ta ɓace mini, har ranar ma. Tsufa ke nan. Abin da ya rage a kaina shi zan ba ku.

Akwai wani mai sayar da goro a unguwar Gwange, sunansa Ba'ana. Ciwon shawara ne ya taɓa masa ƙwaƙwalwa yana jariri. Yatsunsa da hannuwansa kullum suna murɗewa a hankali, ba da sonsa ba. In ya tsorata, abin ƙaruwa yake, har bakinsa ya karkace.

A shekarun bama-bamai, samari kan sa shinge a bakin layi. Duk mai wucewa sai ya ɗaga hannu sama ya tsaya cak. Mutanen Gwange sun san Ba'ana, ba sa tsayar da shi. Ran nan sai ya tafi unguwar Wulari, inda ba a san shi ba.

Shugaban samarin wurin, Mikail, ya daka masa tsawa: "Kai Malam! Hannu sama!"

Ba'ana ya ɗaga. Hannun dama ya lanƙwashe, ya gangaro kan ƙirjinsa, yatsu suna motsi.

Samarin suka yi ihu: "Zai danna bam! Wallahi zai danna!"

Ya so ya yi magana, harshe ya ƙi. Mikail ya sauke masa gora a hannu, ƙashi ya ce ƙas. Sauran suka rufe shi da duka. Jini ya jiƙa rigarsa.

Wata mai ƙosai, Ketura, ta bar kasko a wuta ta faɗa kansa.

Mikail ya ce: "Mama, tashi, zai tashi da ke!"

"Ya tashi da ni ɗin! Mikail, ɗan banza, a gabana aka yaye ka. Ba ka taɓa ganin mara lafiya ba?"

Ta yage rigar. Babu komai sai haƙarƙari da laya ɗaya.

Hannun bai gyaru ba. Shi ne kuma wanda Ba'ana ke iya kai loma baki da shi.

Bara na je Gwange da ƙafata, don kada in faɗi ƙarya. Na tarar da Mikail zaune a tabarma yana ba Ba'ana tuwo a baki. Maƙwabta sun ce kullum yana zuwa. Ba'ana bai ce ya yafe ba, bai kuma kore shi ba.

Darasi: Tsoro ba hujjar duka ba ne. Ba kowane jiki ke bin umarnin mai shi ba, don haka ka tambaya kafin ka ɗaga sanda. Ku tura wa 'yan'uwa, ko Allah ya sa wani ya tsira.