Filin Karnuka Ba Turke

Ga ta nan, ga ta nanku!

Ta zo mu sha dariya.

Kare ya gaji da igiya, ya je ya faɗi gaban Zaki.

"Ranka ya daɗe, ɗauri ke sa mu haushi. A ba mu fili mu sake, gari ya samu barci. Ba igiya, ba turke!"

Zaki ya ce Dila ya share musu.

Dila ya ce, "Malam Kare, har itatuwa?"

"Duk abin da ke tsaye, tuge shi!"

Karnuka suka yi ta tsere har fitsari ya matsa. Kare ya ɗaga ƙafa, ya duba gabas da yamma, fili fetal. Da ƙafa uku ya koma fada.

"Ranka ya daɗe, a taimaka mana da turke ɗaya."

Ƙurunƙus kan kusu mai dogon gashin baki!