Motar da Ta Jira Shef

Akwai wani babban likita a wani asibiti na ƙasar Filinge, sunansa Dakta Abdulgafar, amma kowa Shef yake ce masa, wato shugaba da Faransanci. Aiki ya iya shi, wannan ko maƙiyinsa ya shaida. Sai dai in zai yi magana sai ya sauke tabarau kan hanci, ya yi gyaran murya kamar tsohon babur, ya ce, "Ehem. Bon! Nan gidan kai guda ne, kuma ga shi bisa wuyana."

Dokarsa ita ce, motar asibiti ba ta ɗaukar majinyaci zuwa Yamai sai ya gan shi da idonsa.

A ƙarƙashinsa akwai wata sabuwar likita, Dakta Mas'uda. Ta taɓa tura wani tsoho Yamai ba ta jira shi ba. Washegari a taron safe, gaban ma'aikata duka, ya maƙe murya yana kwaikwayonta: "Wayyo Shef, na ga kamar, na ji kamar..." Aka yi dariya. Tun ranar ta koyi haɗiye magana.

Wata Lahadi, ranar kasuwar Filinge, ita ke bakin aiki. Da hantsi wani manomi mai suna Lado ya shigo da amalanken jaki daga wani ƙauyen Kurfai. Matarsa Tambara na kwance a kai da tsohon ciki, ƙafafu sun kumbura, tana ta jijjiga har ta ciji harshe.

"Likita, ba ni ɓoye miki," in ji Lado. "Mun aza iskokinta ne sunka hau. An yi mata goge, ba su sauka ba."

Mas'uda ta auna jininta, ta ga ya hau sosai. Ta gane jijjigar masu ciki ce. Ta yi mata allurar farko, amma ta san sai an ciro ɗan, ga shi likitan tiyata ya tafi hutu. Yamai kaɗai ta rage.

Ta kira Shef a waya. Yana wurin cin abinci da baƙin da suka zo daga babban birni, tana jin ƙarar cokula.

"Daga ina take?"

"Kurfai, Shef. Jininta ya..."

"An yi mata goge?"

"An yi, amma..."

"Wala, ga shi nan! Bori ne. Na san su, in sun gaji da faɗuwa tashi sukai. Ki jira ni." Ya kashe.

Manzo direba yana tsaye bakin ƙofa, makulli a hannu. "Dakta, mota da mai cike. Ke dai ce mini tahi, in tahi."

Ta dubi Tambara. Ta dubi motar. Dariyar nan ta taron safe ta dawo mata a kunne.

"Mu ɗan jira shi, Baba Manzo. Ya ce yana tafe."

Azahar ta wuce. Ta sake kira, bai ɗauka ba. Tambara ta sake jijjiga, ta kuma, daga nan ba ta ƙara buɗe ido ba. Lado na tsugune yana yi mata fifita da hularsa, yana ta faɗin, "Sannu Tambara, babban na zuwa."

Babban ya iso bayan la'asar yana sakace. Ya ɗaga fatar idonta, ya dubi awon jinin, tsinken ya faɗi daga bakinsa.

"Manzo! Tada mota, maza!"

Ba a kai ga ɗora ta ba rai ya yi halinsa. Da ita da abin cikinta.

Shef ya yi gyaran murya, amma wannan karon muryar ba ta fito daidai ba. "Malam, sai haƙuri. Motarmu za ta kai muku ita har gida."

Lado ya nuna motar da hannu.

"Wagga motar? Tun hantsi nike kallon ta a inuwa. Ba ta ɗauke ta da rai ba, ba ta ɗaukar ta yanzu. Jakina ya kawo ta, shi ka maida ta."

Ya lulluɓe matarsa da zanenta, ya ja jaki ya bi ta tsakiyar kasuwa, daidai lokacin da mutanen ƙauyuka ke ɗaure kaya. Duk wanda ya tambaya, amsa guda yake ba shi: "Muna jiran babba ne."

Magana ta bazu har ta kai kunnen manya. Kafin wata ya ƙare aka sauke Shef, aka mayar da shi wani ofis inda ba majinyaci ko ɗaya. Mas'uda tana nan. Ba wanda ya tuhume ta, amma har yau in ta ji kukan jaki a ƙofar asibiti, sai ta ajiye abin da ke hannunta.

Darasi: Shugaban da ya sa na ƙasa da shi suka fi tsoron bakinsa a kan mutuwar majinyaci, ya kashe aikin da aka ba shi amana. Kai kuma da ka ga gaskiya da idonka, ka sha faɗa ya fi ka sha nadama. Ku tura wa duk wanda ke riƙe da mutane, musamman masu farar riga.