Muryar Iya Marka a Cikin Waya

Akwai wata mata a wani ƙauye da ke gefen babbar hanya, wadda aka auro gidan masu daddawa. Mace ce mai kunya, ko a majami'a ba a jin muryarta sai in kowa na waƙa. Uwar mijinta kuwa, wadda ake kira Iya Marka, in ta yi dariya a tsakar gida har bakin rafi ake ji. Iya ita ta san kalwa. Ita ta san yadda ake dafa ta wuni guda, a surfe, a wanke, a rufe a kwando da ganye da tsohon zane, a bar ta a ɗaki mai ɗumi har ta nuna. Matar ɗan tana gefe tana tura itace tana kallo, har hannunta ya koya.

Kasuwar ƙauye ba ta cinye daddawarsu. Sai matar ta ce bari ta gwada waya, tun da tana da wasaf. Ta ɗauki hoton daddawa a faifai ta sa, amma rubutu yana ba ta wuya, magana kuma kunya. Sai ta kara wa Iya wayar a baki, ta danna mata, ta ce ta yi magana kamar tana kasuwa. Iya ta gyara zama a kan 'yar kujerarta ta ce, "Jama'a, ina gajiya? Marka ce. Daddawa ta nuna, ta kalwa zalla, ba waken soya a ciki. Da hannuna na yi. Wanda ya sa a miya bai ji daɗi ba, ya zo ya same ni a gida." Ta ƙyalƙyale da dariya, jan zakaran da ba ya rabuwa da gindin kujerarta shi ma ya yi cara, duka suka shiga cikin saƙon.

Saƙon ya tafi. Wannan ta tura wa wannan, ya shiga guruf ɗin matan birni, ya wuce zuwa garuruwan da Iya ba ta taɓa takawa ba. Mutanen da ba su taɓa ganin fuskarta ba suka riƙa kiran ta Iyarmu. Ranar kasuwa matar takan kai ƙulle-ƙulle bakin hanya ta ba direbobi, kowane da sunan mai shi. Masu saye suna aiko da gaisuwa, Iya tana amsawa da bakinta. Wata ta ce mata ina kwana, ta ce lafiya lau, Allah ya yi albarka. Wata ta yi faɗa wai an rage mata, daga baya ta ga kayanta a ƙasan jaka ta ba da haƙuri, Iya ta ce, "Ba komai, ya wuce, kada ki sa a ranki."

Ana nan, kafin ruwa ya sauka, Iya ta kwanta ciwo na ɗan lokaci, Ubangiji ya kira ta. Aka binne ta a bayan majami'a. Duk ƙauye sun sani, sun zo zaman makoki, aka yanka jan zakaran nan aka yi wa baƙi miya. Mutanen birni kuwa ba wanda ya gaya musu, don wayar a kashe take a lokacin.

Da aka tashi daga makoki, matar ta dafa kalwa ita kaɗai. Daddawa ta yi kyau kamar ta Iya. Ta ɗauki waya da niyyar ta sanar da rasuwar, ta danna, amma ta kasa faɗa. Abin da ya fita kawai shi ne akwai daddawa, da murya ƙasa-ƙasa kamar mai neman gafara. Aka ga saƙon, ba wanda ya saya. Can sai wata ta rubuto tana tambaya ko Iya ce ta yi wannan, don ita in ba hannun Iya ba ba ta ci.

Matar ta daɗe tana kallon wayar. Gona ba ta ba da komai ba tukuna, abin da ke cikin rumbu ya yi ƙasa. Ta ja saƙonni baya har ta kai ga na farkon nan, ta tura shi. Kafin ta sauke tukunya, wayar ta cika da masu so.

Ta ce a ranta wannan karon kaɗai ne. Amma mako ya zagayo, ta sake. Da gaisuwa ta fara shigowa, ta ga ashe tana da amsar kowace a ajiye. Mai cewa ina kwana, ga lafiya lau. Mai godiya, ga madalla. Mai ba'a, ga dariya. Yatsanta ya saba, tana zaɓo muryar kamar yadda ake zaɓo cokali a ƙwarya. A ƙauye ciyawa tana fitowa a kan kabarin Iya, a birni kuwa Iya tana tashi da safe, tana dafa kalwa, tana sa wa mutane albarka.

Wata rana da tsakar rana mijin matar, Irmiya, yana kwance a ɗaki yana hutun gona, sai ya ji uwarsa tana dariya a tsakar gida. Ya fito ba takalmi, fuskarsa ta canza, ya tarar da matarsa da waya a hannu. Ta ce kewa ce ta dame ta, shi ya sa take saurare. Bai yi faɗa ba. Ya ce ta daina kunnawa a gidan nan, ta bar tsohuwa ta huta. Daga ranar sai ta riƙa zagayawa bayan rumbu in za ta tura.

Sai kyauta ta fara zuwa. Direba ya kawo man zafi, wai wata ta ce a shafa wa Iya a gwiwa. Wani karon sabulu, wani karon ɗankwali. Matar ba ta iya amfani da su ba, ba ta kuma iya nuna wa miji ba. Takan buɗe ɗakin Iya da aka rufe, ta jera su a kan gado, ta fito da sauri. Ɗakin ba a ajiye daddawa a ciki, amma duk lokacin da ta tura ƙofar sai ta ji warin sabuwar daddawa, kamar yanzu aka ɗaga zanen. 'Yar kujerar nan kuma tana nan a tsakar gida, ba wanda ya hana a zauna, amma kowa kewaye ta yake yi. Rannan tana sunkuye a kan tukunya, wayar da ke ɗaure a bakin zanenta ta dannu da kanta, muryar ta fito daga jikinta tana cewa a zo a same ni a gida. Ta saki muciya, ta waiwaya. Kaji ne kawai suke tsattsaga a tsakar gidan.

Da damina ta yi nisa, wani dogon saƙo ya shigo daga lambar wata mai saye. Muryar tsohuwa ce, tana magana tana hutawa.

"Marka, Tabawa ce. Matar ɗana ta sayi daddawa ta kunna muryarki, cokali ya faɗi daga hannuna. Kin san ni ce na baza a zumuntar mata cewa asiri kike sa wa daddawarki. Ƙarya na yi, hassada ce. Likita ya gaya mini abin da ya gaya mini. Ki buɗe baki ki ce mini wani abu, ko zagi ne."

Matar ta san sunan. Tabawa aminiyar Iya ce tun suna 'yan mata, ta bar ƙauye da daɗewa ta koma wurin ɗanta a birni mai nisa, ba ta sake zuwa ba. In aka ambaci sunanta a gida, Iya takan ƙara ƙarfin daka. Ko ta yafe, ko ba ta yafe ba, ba ta taɓa faɗa wa kowa ba.

Matar ta zauna a bayan rumbu, ta saurari saƙon, ta sake saurara. In ta faɗi gaskiya, tsohuwa mai ciwo za ta tafi da nauyinta, ita kuma asirinta ya tonu daga gari zuwa gari. Yatsanta ya riga tunaninta, ya je ya samo amsar da Iya ta ba matar nan mai jaka. Ta yi daidai, kamar don yau aka yi ta. Ta tura.

Amsar da ta dawo kuka ne gauraye da dariya, har da guntun waƙar yabo. Sai kira ya biyo baya. Wayar tana rawa a tafin hannunta, ba ta ɗauka ba. Aka sake kira washegari, da jibi. Ta rubuta cewa ba sabis a ƙauye. Sai kiran ya tsaya, ta ce a ranta an wuce wurin.

Wata ranar kasuwa, rana tana tsaka, mota ta tsaya a ƙofar gida. Wani mutum ya fito ya buɗe baya, ya tallafo wata tsohuwa ramammiya, ƙafafunta a kumbure, tana rungume da sabon turmin zane. Tun daga zaure take kira, tana haki tana murmushi.

"Marka, kin ce a zo a same ki a gida. Ga ni na zo. Fito, mai bakin tsiya, in ga ko kin fi ni tsufa."

Irmiya yana gindin mangwaro yana gyara ƙotar fartanya. Ya tashi ya durƙusa ya gaishe ta, ya ce, "Mama, ashe labari bai kai muku ba? Ai Iya ta rasu tun kafin ruwan fari."

Tsohuwar ta yi dariya, ta ce wasan banza irin na ubansa bai bar gidan ba. Ta sa ɗanta, mutumin da ya kawo ta, ya kunna waya. Muryar Iya ta cika tsakar gidan, ba komai, ya wuce, kada ki sa a ranki, zakara yana cara a bayanta. Irmiya ya kasa kunne. Can ya ce a hankali, "Wannan zakaran ni na yanka shi."

Ba wanda ya tambayi matar komai. Juyowa kawai suka yi suna kallon ta. Ta sauka a kan gwiwoyinta kusa da 'yar kujerar, ta faɗi yadda aka yi daga farko, ba ta rage ko ɗaya ba.

Tabawa ta ce a kai ta kabarin. Suka riƙe ta dama da hagu har bayan majami'a. Ciyawa ta kai gwiwa a kan kabarin, ta fara fure. Tsohuwar ta ajiye turmin zanen a kai, ta daɗe a tsaye iska tana kaɗa ciyawar. Ba ta yi kuka ba, ba ta kuma yi zagi ba. Ta juyo ta dubi matar, ta ce, "To, 'yar nan, wa ya yafe mini?"

Matar tana da waya cike da amsoshi, amma babu ko ɗaya da ta dace. Da yamma, bayan motar ta tafi, ta zauna a tsakar gida a gaban mijinta, ta danna, ta gaya wa mutanen birni da bakinta cewa Iya ta rasu tun kafin damina, daddawar da suke ci ta hannunta ce, ta kuma yaudare su. Waɗansu suka fita daga guruf ɗin. Waɗansu suka yi mata ta'aziyya. Lambar gidan Tabawa kuwa ba ta sake cewa komai ba.

'Yan'uwa, ga abin da wannan misali yake nufi. Muryar da ke cikin waya ita ce bangaskiyar aro. Da yawa cikinmu mun tashi mun tarar iyayenmu suna bin Ubangiji da gaske, mun haddace addu'arsu, mun iya waƙarsu, har yadda suke cewa amin mun iya. Muna turawa kowace Lahadi, mutane suna ji suna cewa wannan gida akwai rai a cikinsa. Kamar matar nan, muna iya daɗewa a haka ba wanda ya gane, har a riƙa kawo mana yabo muna jerawa a ɗakin da ba kowa. Matar ta iya daddawa da hannunta, abin da ta ji tsoro shi ne ta tsaya da sunanta da 'yar ƙaramar muryarta. Allah kuwa ba ya raina ƙaramar murya in ta gaskiya ce. Masu talla a waya a cikinmu, wannan ya shafe ku kai tsaye, ku nuna abin da kuke da shi, ku faɗi wanda ya yi shi.

Rana tana zuwa da wani zai tsaya a ƙofarka da ciwo a ransa, ya nemi kalma mai rai. Ranar, abin da ka haddace ba zai amsa masa ba. In kuma akwai wanda ka yi wa laifi, kada ka jira sai ƙafafunka sun kumbura kamar na Tabawa, ka tashi tun yana iya buɗe baki ya amsa maka. Ita ta tambayi wa ya yafe mata, ba a sami mai amsa ba a bakin kabarin nan. Amma akwai kabari guda da aka je aka tarar ba kowa a ciki. Mai shi yana da rai, muryarsa ba ajiyayya ba ce, in ka kira shi yau da bakinka, shi da kansa zai ɗauka.