Yanzun Tsattsewa da Yanzun Kunkuru

Ga ta nan, ga ta nanku, ku matso.

Ta zo mu ji ta, mun matso.

Dabbobi suka ja wayar lantarki zuwa garinsu. Giwa ta ce kafin a saki wuta, a gwada da igiya tukuna.

Tsattsewa sarkin gaggawa ta kwaikwayi abin da wuta ke yi cikin ƙiftawar ido. Kunkuru sarkin nawa ya kwaikwayi nauyin da waya ke ɗauka daga safe har yamma. Kowa ya yi nasa gwajin shi kaɗai, ya kuma yi kyau.

Uwar jemagu, wadda waya ta ratsa bishiyar 'ya'yanta, ta ce, "Don Allah ku haɗa gwajin nan wuri guda."

Kunkuru ya ce, "Haba baiwar Allah! In Tsattsewa ta ce yanzu, ai yanzu zan kashe."

Ta ce, "Yanzun wa?" Aka yi mata dariya.

Ranar da aka saki wuta, an sa Tsattsewa gadin waya, Kunkuru kuma a wurin makunni, sai waya ta yi tartsatsi. Tsattsewa ta ƙwala ihu, "Yanzu!"

Kunkuru ya ce, "To, yanzu," ya ɗaga ƙafa. Kafin ya sauke ta, bishiya ta zama toka.

Har gobe uwar jemagu tana rataye, kai ƙasa, tana duban tokar.

Ƙurunƙus, har kan kusu ya ƙone.